Wane suna za mu sa wa PTO na tarakta?

Jama'a, suna nake nema. Akwai wani guntun ƙarfe mai haƙora da yake leƙowa a bayan tarakta, a tsakanin hannuwan da ke ɗaga garma. Turawa suna ce masa PTO. Shi yake ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa duk abin da aka jona a baya, ko injin yankan ciyawa ne, ko famfon ruwa, ko injin sussuka. Kamfanin International Harvester na Amurka ya fara sayar da tarakta mai shi tun 1918, amma har yau in za a yi bayaninsa da Hausa sai a tsaya ana kame-kame.

Wasu sun ce a bar shi a fitiyo kawai, tunda haka makanikai suke faɗa. Ban ƙi ba, a gareji ya wadatar. Sai dai manomin da bai taɓa jin kalmar ba, ba za ta sa ya ja da baya ba, kuma ƙarfen nan yana bukatar sunan da zai sa mutum ya kiyaye.

Wani dattijon makaniki ya ce farfela. Baba, a yi mini afuwa, farfela tana da mai ita. Ita ce doguwar sandar da ake zura wa wannan guntun, mai kuros, wato gaɓa mai lanƙwasawa, a kowane kai, wadda take kai juyin har cikin injin da ake ja. In muka haɗa su a suna ɗaya, ranar da aka ce wa yaro "farfela ta ci haƙora" bai san wanne zai kwance ba, na jikin tarakta ko na waje.

Ni dai mazari nake so. Mazarin tarakta. Aikin mazari ya juya ya naɗe zare, wannan ma abin da yake yi ke nan da duk abin da ya taɓa shi. Wanda aka fi samu a tsoffin taraktoci mai haƙora 6 ne, yana juyi 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya. Bakin riga ko igiya ya kama, kafin hannu ya kai ga makashin inji an gama. Manyan taraktoci ma suna da mai haƙora 21 da yake juyi 1,000.

Ga kuma halin tsoffi irin Ford 8N: mazarinsu a haɗe yake da giya. Ka taka kuloci don ka tsaya, wuƙaƙen yankan ciyawa na ci gaba da juyawa, sai su tura tarakta gaba ko da kana taka birki. Shi ya sa ake ɗaura masa wani ɗan ƙarfe mai barin juyi ya wuce ta hanya ɗaya kawai. Wannan ma yana jiran nasa sunan, amma a bar shi sai wani karon.

An yi ƙorafi cewa in an ji mazari karkarwa ake tunawa. Gaskiya ne, amma da an ce "na tarakta" magana ta fito.

To mu gwada shi a baki: "Kashe inji, ka zare makulli, sannan ka sa wa mazari giris." "Murfin mazari ya fashe, kada kowa ya tsaya a baya." "Mai na yoyo ta gindin mazari, sil ɗin ya mutu." Duka ukun sun zauna. Guntun na jikin tarakta mazari, doguwar farfela.