Masallacin katako na Beshehir: musayar baitoci

Alhaji Ɗan Agalawa:
Salamu alaikum. Sarin kaya ya kai ni Koniya a Turkiyya, abokin cinikina ya ja ni Beshehir, bakin tafki, muka yi azahar a Masallacin Eshrefoglu wanda sarkin yankin, Sulaiman Bey, ya kammala a 1299. Ga abin da ya zo bakina:

Na sa ƙafa a cikin ɗaki,
Na ɗaga kai sai mamaki,
Ginshiƙan al'ul na aiki,
Sun fi arba'in ba su karkacewa.

Kowane kan dutse zaune,
Kansa da sassaƙa da zane,
Ja da shuɗi, ado ne,
Har yau ido na ganewa.

Mumbarinsa ba a sa ƙusa,
Ice cikin ice aka cusa,
Hannun gwani ya kai nisa,
Rabbi ka yi masa sakawa.

Bazazzagiya:
Sannu da hanya, Alhaji. Ina tsarabata?

Bakano ya hango katako,
Ya manta Zariya tun farko,
Babban Gwani ya bar saƙo,
Bakan gizo ba ya faɗuwa.

Da laka da azara yai nasa,
Gara ta zo ta ga ta kasa,
Kai ko kana ta yabon nesa,
Na gida kake ta rainawa.

Auta na Fagge:
Kai! Hajiya ta iya, amma baitin mumbarin nan na Baba Alhaji ba mai taɓa shi. Kano ko da me ka zo an fi ka.

Alhaji Ɗan Agalawa:
Taubashiya kin yi garaje,
Masallacin Zazzau na je,
Siminti ya lulluɓe waje,
Sai an shiga ake ganowa.

Naku bai cika ɗari biyu ba,
Wancan kakansa ne, duba,
Ki je ki gani ki yo tuba,
Ki bar musun rashin zuwa.

Malam Mai Aruli:
Gafara dai, Alhaji. Tun baitin farko kari ya karye. "Sun fi arba'in ba su karkacewa" gaɓa 11 ne, 'yan'uwansa 8 da 9. Ginshiƙan ba su karkace ba, ɗangon ya karkace.

Auta na Fagge:
Allah gafarta Malam, tun yaushe ake auna waƙar Hausa da ƙidayar gaɓa? Nauyin gaɓa ake bi, mai nauyi da marar nauyi. Ka rera shi ka ji.

Malam Mai Aruli:
Na rera, yaro, sai da numfashina ya yanke. Ko da nauyin ka auna, akwai ƙafa guda da ta yi yawa. Faɗa mini bahrin, wato ma'aunin karin, da ya hau.

Yaro ka je ka yi tilawa,
Kafin ka zo gun gyarawa,
Mai koyo ba ya koyarwa,
Sai ya ƙoshi da sauraro.

Bazazzagiya:
Malam ma ya saki amsa-amon waje! Kowa na kan "wa", kai ka faɗa "ro". Amma maganarka a kan Bakano gaskiya ce, ina bayanka.

Malam Mai Aruli:
Da gangan na sauya, Hajiya, tunda na cinye "wa" a cikin gida.

Auta na Fagge:
To a bar mu mu ma mu ce da gangan Baba ya ja nasa.

Ba'agadeshe:
Ku yi haƙuri, sai yau na samu intanet. Kun cika wuri da rigimar kari, ba wanda ya tambayi abin tambaya. Alhaji, yaya ice ya yi shekara sama da 700 bai tsage ba? Ga labarin namu masallacin na Agadas:

Mu ma da ice a hasumiya,
Mita 27 take tsaye,
Magini shi yake takawa,
In lokacin yaɓe ya zagayo.

Na san ya gurgunta, Malam, a yi mini afuwa, amsar nake so.

Alhaji Ɗan Agalawa:
Madalla da kai, ɗan'uwa. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai.

Tsakar masallacin da rami,
A da samansa an bar baki,
Ƙanƙara ta sauko ta sami
Wurin kwana da narkewa.

An ce danshinta ke tashi,
Ice ya sha ya bar ƙishi,
Rani ya zo bai fasa shi,
Dubi irin wannan tsarawa.

Mihirabi ko tangaran ne,
Shuɗi da baƙi a jere ne,
Na tsaya gabansa a tsaye ne,
Har liman ya yi gyaran murya.

A 2023 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, shi da wasu masallatan katako 4 na ƙasar, har da na Afyon da Arslanhane na Ankara.

Ba'agadeshe:
Mu Agadas tun 2013 muka shiga. Amma ramin ƙanƙarar nan hikima ce, wallahi, Allah ya jiƙan wanda ya yi tunaninsa.

Malam Mai Aruli:
"Rami, baki, sami." Bakin nan daga ina ya shigo, Alhaji? Kuma "murya" fa?

Bazazzagiya:
Bakano an kama ka da baki,
Ka bar batun ramin tafki,
Kawo tsaraba, ban son raki,
In ba haka ba gobe ina dawowa.