Waɗanda aka taɓa sauya wa mazaɓa ko rumfa, ku zo ku ba mu labari

Ɗan Bajoga:
Salam jama'a. Jiya a teburin mai shayi musu ya kaure, wasu na cewa lokaci ya yi da za a yanke mana Funakaye daga Gombe/Kwami/Funakaye mu samu namu ɗan majalisar tarayya, don gsky kujera ɗaya ga ƙananan hukumomi uku kuma har da cikin garin Gombe a ciki ai mu ƙuri'armu kamar gishiri a kogi ne. Ni tun 2007 nake dangwalawa ban taɓa ganin an yi sabuwar mazaɓa ba. Wanda ya taɓa tsintar kansa a sabon wuri ya faɗa mana ya abin yake.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ni na gani. Ina koyarwa a Kaltungo ranar 1 ga Oktoban 1996 da Abacha ya sanar da jihar Gombe, mun kwana 'yan Bauchi mun tashi 'yan Gombe, murna ba a magana. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999 Bauchi ta tashi da kujeru 12 mu muka tashi da 6, kuma har yau nan muke tsaye. Abin da ku yara ba kwa lura shi ne tsarin mulki ya ƙayyade kujerun majalisar wakilai 360 ne cif, to in za a ba Funakaye sai dai a karɓe daga hannun wani, ko a gyara tsarin mulkin, shi kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Wa zai yarda a cire masa nama daga baki? Dokar ta ce a riƙa duba iyakokin duk bayan shekara goma, amma ƙidayar ƙarshe ma tun 2006 ce, da wane lissafi za a raba.

Maman Ilham:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni nawa abin dariya ne wlh. Da muna Jekadafari, sai maigida ya gama gini a Tumfure muka tare, na je na yi taransifa na katina don kar in riƙa hawa Keke ranar zaɓe tunda ma ba a barin abin hawa. Ashe Tumfure ƙasar Akko ce! Ni ina ta yi wa ɗan takararmu na cikin gari kamfen a gidajen biki har atamfa na ɗinka, sai ana saura sati biyu maƙwabciyata ta ce Maman Ilham ke fa naki ɗan majalisar na Akko ne, wancan ko kin dangwala ba shi za ki ba. Kuma kun san takardar ƙuri'a ba suna a jiki tambarin jam'iyya ne kawai, da ba ta faɗa min ba da na zaɓi mutumin da ko fuskarsa ban sani ba ina ta murna. Asibitinmu Gombe, kasuwarmu Gombe, amma takardar shaidar ƙaramar hukuma ta yara aka ce sai Kumo, hedikwatar Akko.

Auta na Pantami:
Hhhh Hajiya ba ke kaɗai ba ce. Ni rumfa aka sauya min. Kun tuna a 2021 an ƙara rumfuna 56,872 a ƙasa baki ɗaya suka koma 176,846, to ni ban bi ta kai ba, ranar 25 ga Fabrairun 2023 na yi sammako bayan asuba na kama layi a tsohuwar firamarenmu, rana ta take na iso gaba aka duba babu sunana, ashe an mayar da ni sabuwar rumfa a bayan layinmu kuma laifina ne don an ce kowa ya duba a waya ban duba ba. Da na je can mutum bai fi goma a layi ba, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ɗauki fuskata, minti biyar na gama. Haushin tsayuwar awa huɗu a banza ne kawai ya dame ni.

Bakon Dass:
Mu ma uku ne, Bogoro/Dass/Tafawa Balewa, kuma a haka kujerarmu ta fitar da kakakin majalisa, Dogara, 2015 zuwa 2019. Ni ban ga girman mazaɓa na hana komai ba, ku dai ku zauna da 'yan Kwami ku yi maganar karɓa-karɓa.

Ɗan Bajoga:
Karɓa-karɓa da mutanen cikin gari? Yallaɓai ƙuri'ar Pantami da Bolari kaɗai ka lissafa tukuna. Baba Hedimasta don Allah wane sashe ne ya yi maganar shekara goman nan, in kai musu teburin shayi yau da daddare.

Tsohon Hedimasta:
Sashe na 73. Na kujeru 360 kuma sashe na 49. Ka ce su biya maka kuɗin shayin.