An kawo mini fenait daga Bankok, in saya ko in haƙura?

Baban Amira, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Wani abokin kasuwancina da ya dawo daga Bankok ta ƙasar Tailan ya kawo mini ɗan dutse ja mai duhu-duhu, rabin karat, bai kai ƙwayar dawa ba, ya ce fenait ne, wani dutse mai daraja da ba kasafai ake samunsa ba, yana neman naira miliyan 4. Ni tara duwatsu nake yi don sha'awa, ba don sayarwa ba. Babu takardar shaidar gwaji, kuma ya ba ni zuwa Juma'a. Akwai yadda zan tabbatar da shi a nan Kaduna?

Hajiyar Kawo: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka sayi zinariya ka huta, ita ko a tsakar dare ka nemi mai saye za ka samu.

Injiniya, Barnawa: Dutsen akwai shi. A ƙasar Bama, wato Miyanma, aka gano shi, ya ci sunan Baturen Ingila Arthur Pain, wanda da farko aka ɗauka yaƙutu ya samo, sai a 1957 aka tabbatar sabon ma'adini ne mai ɗauke da sinadaran boron da zakoniyam. Taurinsa 8 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs. Ka haska shi da tocila kana juya shi: na gaske yana sauya launi daga ja zuwa ruwan lemo mai ƙasa-ƙasa, ganet kuwa, wani jan dutse mai araha, launinsa ɗaya ta ko'ina. Amma wannan gwajin ganet kawai zai fitar, tomalin ma, wani dutsen ado, yana sauyawa.

Ɗan Gwantu: Injiniya, ni ma da tocila na haska nawa. Shekaru shida ke nan na sayar da filina na Rigachikun na sayi jajayen duwatsu uku, an naɗe su a auduga cikin gwangwanin mentileta, dillalin ya dafa Alƙur'ani ya ce yaƙutu ne. Na kai su Jos, mai sayen ya ɗora ɗaya a kan na'urarsa, bai yi minti guda ba ya turo mini su da bayan biro ya ce ganet ne, ba su kai kuɗin motata ba. Dillalin kuwa surukin ƙanina ne, har yau muna haɗuwa a wurin suna, ni ke fara kawar da kai.

Hajiyar Kawo: Allah ya mayar da alheri.

Abu Sadik: Ni na karanta cewa karat ɗaya na fenait yana kai dala 50,000, don haka miliyan 4 kyauta ce.

Injiniya: Wancan ƙiyasi na tsabtatacce ne ƙwarai. Har 2001 ƙwaya uku kacal aka sani, amma daga 2005 an haƙo da yawa a yankin Mogok na Bama, mafi yawansu duhu ne da tsaga, ba su yankuwa. Na ga ɗanyen gutsure a intanet ƙasa da dala 100.

Ɗan Gwantu: Da girmamawa, Injiniya, kai a littafi ka san dutse, mu a rami muka san shi.

Injiniya: Yaya, ai ramin ne ya ci filin Rigachikun.

Abu Sadik: Alhaji ya haɗa da gilashin ƙara girma a cinikin, in ba haka ba uwargidansa za ta share miliyan 4 da tsintsiya ranar Asabar.

Malam Tudun Wada: Abin da ke damuna ya wuce dutsen Alhaji. Ana haƙo zumurrudu a Gwantu, ana haƙo saffaya, wato shuɗin yaƙutu, a ƙasar Jama'a, dillalai su saye su a kan kuɗin cefane su kai Bankok a yanke, a ba su takarda, farashi ya ninka. Yaronmu da ya shiga ramin bai san ko me ya sayar ba.

Ɗan Gwantu: Wallahi haka ne, Malam. Ƙanena ya taɓa bayar da kore guda a kan buhun masara biyu.

Baban Amira: Na gode. Na juya shi a hasken tocila kuma launin ya sauya. To Injiniya, hukumar binciken ma'adinai da ke da ɗakin gwaji a nan Kaduna tana karɓar ƙaramin dutse irin wannan ba tare da an fasa shi ba? Mutumin ya sake kirana ɗazu.