Neman shawara: mu shida za mu haɗa gajeren fim ɗin katun cikin wata uku

Ɗalibar Zane:
Assalamu alaikum. Mu ɗalibai shida ne a sashen zane-zane, kuma an ba mu aikin haɗa gajeren fim na zane mai motsi wanda za mu miƙa nan da wata uku. Mun zaɓi ɗaya daga cikin tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, muna so ta kai minti biyar, amma kwamfuta biyu kacal gare mu. Uku daga cikinmu sun iya zane sosai, sauran kuma sun fi ƙarfi a rubutu da harkar sauti. Muna roƙon waɗanda suka san aikin su faɗa mana ta inda ya kamata mu fara, da yadda za mu raba shi ba tare da nauyin ya tare a kan masu zane kaɗai ba.

Malam Mai Allo:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Kafin komai ku zauna ku yi lissafi, domin shi ne zai nuna muku iyakar ƙarfinku. Fim yana tafiya ne a kan hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma masu zanen hannu sukan bar kowane zane ya tsaya sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. A kan wannan ƙa'ida minti biyar yana buƙatar zane 3,600, minti biyu kuwa 1,440, wanda idan mutum uku suka raba kowa zai ɗauki 480, ban da zanen wuraren da ke bayan fage da fenti. Shawarata ita ce ku datse labarin ya dawo minti biyu, ku tsaya a kan dabara ɗaya ta Gizo da yadda ta ɓare masa.

Kada kowa ya fara zanen motsi sai kun gama rubutu, kun zana labarin fage-fage a takarda, kun naɗi muryoyi, sannan kun jera waɗannan zanukan a kan muryoyin kun kalla daga farko zuwa ƙarshe. A wannan mataki cire fage ba ya cin komai, amma bayan an yi mako biyu ana zana shi, babu mai yarda a taɓa aikinsa, kuma daga nan saɓani yake farawa. Krita da OpenToonz da Blender duk manhajojin kwamfuta ne na kyauta da ake yin zane mai motsi da su, sai dai ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kanta.

Ɗan Tahoua:
Na yarda da lissafin Malam, amma ban ga dalilin da zai sa ku ɗaure kanku ga zanen kwamfuta ba alhali guda biyu gare ku. A nan Nijar muna da marigayi Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, kuma tun a shekarun 1960 yake yin finafinan zane mai motsi, inda kwaɗi suke fitowa a matsayin shugabanni da talakawansu, daga baya kuma ya yi aiki da 'yan tsana. Da kayan da hannunsa ya kai gare su ya yi wannan aiki, kuma har yau ana nuna shi a ƙasashen duniya.

Ku yanka siffar Gizo daga kwali, jiki daban, ƙafafu daban, ku shimfiɗa shi a tebur, ku kafe waya a sama tana kallon ƙasa, kuna gusar da gaɓoɓin kaɗan-kaɗan kuna ɗaukar hoto. Ta haka waɗanda ba su iya zane ba su ma za su iya motsa Gizo. Abu biyu ne suke ɓata irin wannan aiki, wato girgizar waya da canjin haske, saboda haka ku rufe tagogi, ku yi amfani da fitila mai caji wadda haskenta ba ya raguwa, domin hasken rana yana sauyawa tsakanin hoto da hoto har fim ya riƙa ƙyaftawa.

Mai Naɗar Sauti:
'Yar'uwa, ina so in ja hankalinku ga muryoyi, domin ɗalibai sukan bar su sai ƙarshe. Gizo an san shi da tsamin baki, kuma wanda zai yi muryarsa ya kamata ya saurari yadda tsofaffi suke kwaikwayonsa a tatsuniya kafin ya tsaya gaban makirfo. Ku naɗa a ɗaki mai labule da katifa don rage amsa-kuwwa, ku gyara da manhajar gyaran sauti ta Audacity. Haka kuma jadawalin siffofin baki na daidaita motsin baki da murya da za ku samu a intanet don Turanci aka tsara shi, inda ake ɗora haƙora a kan leɓe wajen furta "f", alhali yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke furta shi, don haka ku kalli bakin mai muryar ku zana naku. Mutum ɗaya kuma ya riƙe amanar fayiloli, ya ba kowane fage lamba, ya riƙa ajiye kwafi a wuri biyu kowace yamma.

Ɗalibar Zane:
Mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun zauna mun amince da minti biyu da kuma hanyar kwali, za mu bar kwamfutocin don haɗawa da gyaran sauti. Ɗan'uwa na Tahoua, da me ake haɗa gaɓoɓin kwalin yadda ƙafafun Gizo za su juya ba tare da mahaɗin ya fito a hoto ba?