Sandata tana wuce ƙeya, ƙwallo kuma sai ta ci daji: yaya zan rage lilon sandar golf?

Baba_Sale_KD:
Assalamu alaikum. Shekarata uku da fara golf, tun da na ajiye aiki likita ya ce in nemi abin da zai riƙa sa ni tafiyar ƙasa. Shekaruna 61, badame ne ni, a Kaduna nake wasa safiyar Talata da Asabar. Handikaf ɗina, wato lambar da ke auna gwanintar ɗan wasa wadda take raguwa in mutum ya ƙware, ya maƙale a 24, ko gezau.

Ranar Asabar jikana ya ɗauke ni bidiyo da waya a rami na farko. Ni a zuciyata sandar tana tsayawa ne daidai kafaɗa. Da na kalla sai da na ce ya sake kunna mini: kan direba, wato doguwar sandar bugun nesa, ya zagaya ƙeyata har ya leƙo ta gefen kunnen hagu yana kallon ƙasa, hannuna na hagu ya lanƙwashe kamar mai sosa bayansa. Yaron dariya yake ta yi.

Da sandar ƙarfe mai lamba 7, wani bugun yadi 140, na gaba in haƙo ƙasa ta tsaya a 95. Direba kuwa kullum dama take yi, cikin itatuwan dogon yaro. Ƙwallo shida na ɓatar ran nan, kuma kun san kuɗinsu yanzu. Na gwada tsayar da sandar a rabin hanya, sai in ji kamar an ɗaure ni, nisa ma ya gudu. Masu sani, ta ina zan kama?

TsohonKadi_Jos:
Wa alaikumus salam Baba. Ni tun ina yaro nake aikin kadi, wato ɗaukar wa mutane jakar sanduna, a Rayfield, filin golf ɗin nan na Jos da aka buɗe tun 1913 zamanin haƙar kuza, kuma a nan na koyi bugu. Abin da ka kwatanta na gan shi ya fi a ƙirga, musamman wurin manya da suka fara wasan bayan sun haura hamsin.

Kuskuren shi ne kana neman tsayar da hannu. Ba hannu ake tsayarwa ba. Kafaɗarka ce take gama juyawa da wuri, hannuwan kuma su ci gaba da tafiya su kaɗai, gwiwar hannu ta karye, sandar ta faɗa bayan wuya. Daga nan sai ka nemo hanyar dawowa da ita, kuma kowane bugu wata hanya dabam take biyowa. Shi ya sa yau 140 gobe 95. Ƙa'idar ɗaya ce: inda ƙirji ya daina juyawa, nan hannu zai tsaya. Da ka gwada rabin hanya, na tabbata kafaɗar ka rage, ba hannun ba, shi ya sa ka ji a ɗaure.

Ga aikin da nake ba mutane. Ka naɗe ƙaramin tawul, ka gitta shi a ƙirji, ka matse bakinsa biyu a hamata. Ka ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 9, ka ɗora ƙwallo a kan gajeren ti, ɗan tsinken nan da ake kafawa a ƙasa. Ka ɗauka kana tsaye a tsakiyar agogon bango: ka ja baya har hannun hagu ya nuna ƙarfe tara, ka buga, ka ƙare hannun dama yana nuna ƙarfe uku. In tawul ya faɗi kafin ka taɓa ƙwallo, hannu ya gudu ya bar jiki. Ƙwallo talatin kawai a rana, kada ka damu da nisa. Bayan mako guda ka cire tawul ka kai hannun ƙarfe goma. Ga mai shekarunka, goma ɗin nan ta wadatar har da direba.

Kuma jikan nan kada ka sallame shi. Ya tsaya ta bayanka a saitin inda kake nufa, wayar daidai tsayin hannuwanka. Abin da jiki ke gaya wa mutum da abin da sandar ke yi ba sa taɓa zama ɗaya. Ranar da ka ji kamar rabi ka yi, bidiyo zai nuna maka cikakke ne.

Hajiya_Ummi_Abj:
Baba sannu da ƙoƙari. Kan maganar nisa, ka nemi bidiyon Jon Rahm, ɗan ƙasar Sifen. An haife shi da ƙafar dama a murɗe, idon sawun ba ya lanƙwasuwa sosai, dole ta sa ya taƙaita lilonsa, sandarsa ba ta ko kusa da kwanciya a saman kafaɗa. Da wannan gajeren lilon ya ci manyan gasa biyu, US Open a 2021 da Masters a 2023, kuma yana cikin masu nisan bugu. Ƙarfin daga ƙugu da ƙafafu yake fitowa, sai kuma samun ƙwallo a tsakiyar fuskar sanda.

Abin da zan ƙara a kan na Malam na Jos: a 61 wataƙila ƙugun ne ya ƙi juyawa. Ka ɗan buɗe yatsun ƙafar dama waje, kuma ka bar dugadugin hagu ya ɗan ɗaga in ya so. Shahararren ɗan golf Jack Nicklaus yana ɗaga nasa, bai hana shi cin manyan gasa 18 ba. Sannan ka daina fitowa daga mota kai tsaye zuwa ramin farko da sanyin safiya, ka ɗan motsa jiki minti biyar.

Sai sauri. Da na fara rage nawa lilon, fizgar sandar na riƙa yi saboda ina jin ban tara ƙarfi ba. Abin da ya gyara ni shi ne tuna lugude a gidanmu na Zariya: taɓarya tana hawa a natse, nauyinta ne ke sauko da ita, ba mai gaggawa. Yanzu ina ƙirga ɗaya, biyu, uku a tafiya, ɗaya a dawowa.

Abba_Direba:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda tsawon lilo ne kaɗai laifin ba. John Daly sandarsa har kusan ƙasa take leƙawa ta baya, kuma ya ci manyan gasa biyu, PGA a 1991 da Open a 1995. Ƙwallon da ke lanƙwasa dama, fuskar sanda ce a buɗe lokacin haɗuwa. Baba, duba safar hannunka. In ta cinye ko ta huje a tudun tafin hannu, to a tafi kake riƙe sandar ba a yatsu ba, kuma kana sakinta a sama ka sake cafkewa. Wannan kaɗai yana sa ta zarce ƙeya. Ka mayar da ita cikin yatsu, ka leƙa ka ga ƙullin yatsu biyu ko uku na hannun hagu.

Kuma yanzu hunturu ne, ƙasa ta bushe kamar daɓe. Kada ka yi atisayen tawul a kan tsandauri, wuyan hannu zai gaya maka.

TsohonKadi_Jos:
Abba, maganar safa gaskiyarka ce, na manta da ita. Amma Daly tun yana yaro yake lilon nan, jikinsa kamar roba. Baba kuwa fansho yake karɓa.

Baba_Sale_KD:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bari sai da na yi mako biyu kafin in dawo. Abba, na duba safar, ga huji nan daidai inda ka ce, har biyu da na ajiye a jaka duk haka suke. Malam na Jos, kwana ukun farko tawul ya fi ƙwallo tashi, har wani kadi ya tambaye ni ko zufa ce ta dame ni. Yanzu yana zama.

Jiya na buga ƙwallo goma da sandar ƙarfe mai lamba 7, takwas sun faɗi tsakanin yadi 125 da 135. Ban kai 140 ɗin da ba, amma ban haƙo ƙasa ba sai sau ɗaya. A bidiyo hannun yana kaiwa wajen sha ɗaya, ni kuwa rantsuwa zan yi a tara na tsaya. Direba har yanzu tana ɗan leƙa dama, ƙwallo biyu suka tafi ranar Asabar. Hajiya, ƙirgar nan a zuci ake yi ko a fili? Abokin wasana ya ce in na ƙara cewa "uku" da ƙarfi a kansa zai koma wata tawagar.