"Wake ɗaya ke ɓata gari": har a akwatin zaɓe?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Jiya muka yi musu da wani a kan wannan karin magana. Ya ce duk jam'iyyar da ɗanta ya yi abin kunya, ta gama yawo. Shin ta hau nan? Kuma garin da ake nufi, na mutane ne ko na tuwo?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, ɗana. Na tuwo ne. A niƙa ruɓaɓɓen wake ɗaya cikin sauran, ba mai iya tsince shi kuma. A siyasa ma ta hau. Badaƙalar Watergate, wato kutsen da aka yi wa ofishin jam'iyyar adawa, ta sa Shugaba Nixon ya sauka daga mulkin Amurka a Agustan 1974, a Nuwamba jam'iyyarsa ta Republican ta rasa kujeru fiye da 40 a majalisar wakilai. Da yawa cikin waɗanda suka faɗi ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, ban yarda duka ba. A Amurkan dai, 1998, maganar alaƙar Shugaba Clinton da Lewinsky, wata ma'aikaciyar fadarsa, ta cika duniya, amma jam'iyyarsa ƙarin kujeru biyar ta samu. Tattalin arziki na tafiya, sai mutane suka kau da kai. Ni a ganina "so hana ganin laifi" ta fi dacewa da masu zaɓe.

Tsohon Malami: Hajiya, ai wake wake ne, amma ruɓa ta bambanta. Laifin da ya tsaya tsakanin mutum da iyalinsa daban, wanda ya taɓa amanar jama'a daban. Sannan abin da ya kayar da Nixon, ɓoye-ɓoyen da ya biyo baya ne.

Ɗan Adawa: Ku duba Italiya. Binciken cin hanci da aka fara a Milan a 1992 ya rusa jam'iyyar Christian Democracy, wadda ta yi kusan shekara 50 tana cikin gwamnati. A can kam ba wake ɗaya ba ne, buhun ne ya ruɓe, don haka kar ku jawo mata wannan karin magana.

Uwar Biyu: To Lula na Brazil fa? An ɗaure shi a 2018 yana tsohon shugaban ƙasa, kotu ta soke hukuncin, ya sake cin zaɓen shugaban ƙasa a 2022. Garin da ya ɓaci yana gyaruwa ne, Malam?

Tsohon Malami: Wannan kam kin kama ni. Bari in sha shayi in dawo.