Shawarar tsofaffin alƙalai ga sabon mai tsaron layi a ƙwallon Amurka

Da aka tambayi waɗanda suka daɗe suna alƙalancin ƙwallon Amurka me za su gaya wa sabon mai tsaron layi, wato alƙalin da ke tsayawa a gefen fili, bakinsu ya zo ɗaya a kan usur: kada ka busa sai idonka ya ga ƙwallo a hannun wanda aka kayar. Busa bisa kuskure na kashe wasa nan take, ko da ɗan wasa ya kusa ci.

Maganar sarƙar da ake auna ci gaban ƙwallo da ita ce ta fi ɗaukar lokaci, kuma a ganina ta cancanta. Tsawonta yadi 10 ne, masu riƙe da ita a wasannin sakandare galibi 'yan sa-kai ne, amma kuskurensu a wuyanka yake. Ka gana da su kafin wasa, ka gwada sarƙar a kan layukan fili, ka ja kunnensu kada su gusa sai ka yi musu alama. A maƙala shaida a jikinta daidai wani layin fili, domin idan 'yan wasa suka taho a guje aka yar da sandunan sarƙar, a iya mayar da ita gurbinta.

Kafin kowane tashin wasa, ka tabbatar masu kai hari aƙalla 7 ne a layin da aka ajiye ƙwallo, ka san ko karo na nawa ake cikin 4 da ake ba su don su ci yadi 10. In an tura ɗan wasa baya, inda ya kai ake sa ƙwallo, ba inda ya faɗi ba.

An ɗan saɓa kan koci mai ƙorafi. Mafi yawa sun ce ka saurare shi, ka amsa a taƙaice, idonka na kan fili.